Na Dangwala Yatsan Babana Sau Biyu

Assalamu alaikum Anti, ina gaishe ki da duk masu bibiyar wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana, kuma masu saurin hannu wurin sharhi ku daure ku kai ƙarshe kafin ku fara. Babu zagin da za ku yi min wanda ban riga na yi wa kaina ba. Shawara na zo nema, kuma lokaci yana neman ƙure min.

Ni ma'aikaciyar gwamnati ce a nan Abuja, ina zaune a Gwarinpa da mijina da yarana. Mahaifina yana Tungan Maje tare da Inna, mahaifiyata. Tun kafin a haife ni yake sana'ar lemu da kankana a kasuwar Zuba, da ita ya yi mana makaranta, har hawan jinin ido ya cinye masa gani a hankali ya zaunar da shi a gida. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce min. Tun da idonsa ya tafi ni ce mai kai shi asibiti, ni ce mai karanta masa abin da likita ya rubuta, ko riga aka ɗinka masa sai ya ajiye ta har in zo in gaya masa kalarta kafin ya saka. Ina da yayye maza, amma ni ya zaɓa, kuma ba zan ɓoye muku ba abin yana min daɗi, har gori nake musu.

Da zaɓen shugaban ƙasa ya matso, raina a ɓace yake sosai. Duk faɗin ƙasar nan, da malamanta da likitocinta da masu tsoron Allah, a ce waɗannan kaɗai aka iya tsamowa aka jera mana? Wannan mun riga mun ga kamun ludayinsa, wancan jam'iyya kawai ya canja amma shi ɗin ne dai, ɗayan kuwa idan ya buɗe baki sai ka rasa da wa yake. Na ɗauki katin zaɓena na cusa a ƙarƙashin zannuwa, na rantse ba zan sha rana a kan kowa ba. Ni kuma Allah ya yi ni da baki, idan na yarda da abu sai kowa ya ji. A ofis har gudu na ake yi idan aka fara hirar siyasa.

Baba kuwa rediyonsa ba ya barin kunnensa. Wata Asabar na je gaishe shi, na tarar da shi a ƙofar gida da amininsa, zan kira shi Baba Sale duk da ba sunansa ke nan ba, wanda suka yi shekaru rumfarsu na jikin juna a Zuba. Na ce, "Baba, tsakani da Allah, a cikin mutanen nan akwai wanda ya kwanta maka?" Ya ce, "Babu ko ɗaya." Na ce, "To me zai fitar da kai?" Ya ce, "Uwata, akwai ranar da motar lemu za ta iso duk kayan sun bugu a hanya. Ba ka cewa yau na fasa kasuwa. Zama kake ka tsince wanda bai gama lalacewa ba." Na ce, "Baba, wannan motar gaba ɗayanta ta bola ce." Ya yi ta dariya. Baba Sale bai yi dariya ba, ya ce, "Malam, yarinyar nan ta fi ka gaskiya. Ka zauna mu sha shayinmu. Duk wanda ka ɗora da hannunka, in ya zalunci mutane kana da kaso a ciki." Baba ya ce shi dai sai ya je. Da ya faɗi wanda ya tsinta ɗin, sai ya zama wanda na fi tsana duk a cikinsu. Na yi magana har muryata ta dushe, ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Ke za ki kai ni."

Saboda ba a zirga-zirgar motoci ranar zaɓe, tun jajibiri na tafi Tungan Maje. Da safe ya saka farar shaddarsa, ya shafa turare kamar mai zuwa Idi, ya riƙe hannuna muka taka zuwa filin makarantar firamare. Mutane suka dare, ana cewa a ba Baba hanya. Wata 'yar hidimar ƙasa ce a kan tebur, Hausarta guntu-guntu, ta ce, "Baba, wane ne zai taimake ka?" Ya ɗaga hannuna sama yadda kowa zai gani ya ce, "Ga idona nan." Aka tantance shi, aka shafa masa tawada a farce, aka ba mu takardu uku muka shiga bayan ɗan shingen da ake dangwalawa.

Na 'yan majalisa guda biyu na yi masa yadda ya ce. Da muka zo ta shugaban ƙasa ya raɗa min alamar jam'iyyar, na kama babban yatsansa na danna a tawada na ɗora a inda ya ce. Ya fito raɗau, babu abin da ya same shi. Na tsaya ina kallon tambarin nan, sai kawai na ji bakina yana cewa, "Baba, bai kama ba, bari mu sake." Ya ce, "To, Uwata," ya sakar min hannun gaba ɗaya kamar yaron da za a yanke wa farce. Na sauko da hannunsa ƙasa a jikin takardar na danna yatsan a gidan wata jam'iyyar daban. Na san sarai cewa takardar da aka dangwala sau biyu ta mutu, ba za a lissafa ta wa kowa ba. Ya ce alhamdulillahi. Na naɗe masa, na kai hannunsa bakin akwati, ya jefa da kansa.

Me nake tunani a lokacin? Cewa na yi wa kaina ai tsare shi na yi, na hana shi ɗaukar alhaki. Ƙarya nake. Gaskiyar ita ce na kasa jure a ce na yi musu da tsohon da bai shiga aji ba kuma ban ci ba. Ni da na ƙi amfani da ƙuri'ata, na kwana a wani gari don in kashe ta mutumin da ya ba ni amanar hannunsa. Da mai gani ne zan iya yi masa haka?

Na so mu koma gida, ya ce ba inda za shi sai ya ji ƙirga. Aka ba shi benci a inuwa. Da yamma aka zazzage akwati, ma'aikacin zaɓe yana ɗaga takardu ɗaya bayan ɗaya jama'a na amsawa. Sai ga tamu. Na gane ta tun daga nesa, domin Baba yana da tabon wuƙa a yatsan tun zamanin yankan kankana, duk inda ya dangwala sai wani farin layi ya ratsa tsakiya. Layin nan na gani guda biyu, sama da ƙasa. Aka ce ta lalace, wuri ya kwashe da dariya, wani ya ce, "Wannan duka biyun yake so!" Baba ya taɓa ni ya ce, "Me ake wa dariya?" Na ce wani ne ya dangwala sau biyu. Ya girgiza kai ya ce, "Allah sarki, bawan Allah ya sha rana a banza. Da ya samu mai nuna masa irin tawa." Wallahi Anti, har yau idan na ji ana ƙirga wani abu da ƙarfi, ko yara ne a makaranta, sai gabana ya faɗi.

Wanda Baba ya so shi aka ce ya ci. Na ce to shi ke nan, ƙuri'a ɗaya ba ta canja komai ba, magana ta wuce. Ashe yanzu ta fara. Rayuwa ta yi tsanani yadda kowa ya sani, ba sai na ba ku labari ba. A Zuba kuɗin mota ya hau, masu saye suka ja baya, lemu yana ruɓewa a gaban masu shi. Kasuwar Baba Sale ta karye, ya saki rumfar ya koma ƙauyensu, ga ciwon suga, ga maganin ya fi ƙarfinsa. Ba a jima ba aka bugo waya aka ce ya rasu. Ina wurin lokacin da aka gaya wa Baba. Bai yi kuka ba. Sai kawai ya ce, "Sale ya ce kar in je."

Tun daga ranar Baba ya canja. Ya kashe rediyo ya ce a ba wani. Inna ce ta fara lura ta nuna min: yana zaune sai ya riƙa goga babban yatsansa a jikin riga, yana gogawa yana gogawa, har wurin ya yi laushi a rigunansa duka. Idan maƙwabciya ta shigo tana kukan tsadar masara, sai ya ce mata, "Ki yafe min, da hannuna a ciki." Mutane su ɗauka wasa yake, su yi dariya, shi ba ya yi. Yayana ya ɗauko masa limamin unguwa, liman ya yi masa bayani cewa niyya ake dubawa, kuma mutum ɗaya ba ya ɗora shugaba. Baba ya ce, "Allah gafarta malam, da ban san shi ba ne da sauƙi. Na san bugagge ne, aka gargaɗe ni, na kuma ɗauka." Ina bayan labule ina jin su, na toshe bakina da mayafi. Mutumin nan yana ɗauke da nauyin ƙuri'ar da ba ta taɓa shiga lissafin kowa ba, kuma duk duniya ni kaɗai na sani.

Za ku ce to ai sai ki gaya masa ya huta. Na gwada. Wata rana ina yanka masa gwanda na ce, "Baba, akwai maganar da nake so mu yi a kan ranar zaɓe." Ya ce, "Bari in riga ki, Uwata. Kar ki ce za ki ɗauki laifin don ke kika riƙe hannun. Abin da na ce shi kika yi." Sai ya shiga ba ni labarin abin da bai taɓa faɗa ba. Ya ce tun da ya makance kowa yake yi masa 'yar ƙarya. Inna takan ce ta ci abinci alhali yana jin cokali ɗaya ne ke motsi a kwano. Yayana yakan ce likita ya ce da sauƙi, alhali ya ji sun daɗe suna ƙus-ƙus a bakin ƙofa. Ya ce, "Ba na jin haushinsu, so ne. Amma sai ka wayi gari ba ka san wace duniyar kake ciki ba. Shi ya sa nake jiran Asabar. In kika zo na tambaye ki, sai in san inda nake tsaye." Na ajiye wuƙar na ce bari in duba wayata a mota, na shiga na kulle gilashi na yi kuka mai isata. Ta ina zan fara? In ce masa wadda yake auna maganar kowa da tata, ita ce ta yi masa wadda ta fi duka muni, a gaban jama'a, tana riƙe da hannunsa?

Yanzu zuciyarsa ce ta kumbura. Ƙafafunsa sun hau, ba ya iya kwanciya sai a jingine, kuma likita ya ja ni gefe ya ce mu kiyaye duk abin da zai tayar masa da hankali, mu kuma yawaita addu'a. Na gane abin da yake nufi. Baba ma ya gane, don ya fara kiran mutane ɗaya bayan ɗaya yana neman yafiya, har ya sa an kira masa matar Baba Sale a waya. Ni ko mijina ban gaya wa ba. Ina zaune a ofis sai in ji nauyin yatsan nan a tafin hannuna, da ɗuminsa, da yadda ya sakar min shi. Na wanke hannu ba adadi, yana nan.

Asabar ɗin da ta wuce, da na tashi tafiya, ya ce in matso. Ya miƙo min hannunsa na dama, ya ɗaga babban yatsan ya ce, "Uwata, duba min. Tawadar nan ta fita kuwa?" Anti, farcen da aka shafa wa tawadar ya daɗe da girma, ni da kaina na yanke shi. Na ce, "Ta fita Baba, tuntuni." Ya ce, "Innarki ma haka ta ce, ban yarda ba sai da na ji daga bakinki." Sannan ya ce, "To me ya sa nake jin ta?"

Idan na yi shiru, zai tafi yana ganin da hannunsa a mutuwar amininsa, ni kuma in zauna da hakkinsa ba tare da ya yafe min ba, don ba zai yafe abin da bai sani ba. Idan na faɗa, na sauke masa wannan nauyin, amma na ƙwace masa mutum ɗaya tilo da ya yarda da maganarta, kuma ban san ko zuciyarsa za ta ɗauka ba. Don Allah kar ku ce min ƙuri'a ɗaya ce, shi ma an gaya masa haka. Masu iyaye tsofaffi, da malaman da ke shafin nan, ku taimake ni. Asabar tana zuwa, zai sake miƙo min yatsan, kuma zai yarda da duk abin da na ce. Me zan yi?