Na ce amin a kan kaina

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni, don ni ma ƙyamar kaina nake ji.

Karatu ya kawo ni Faransa, ina zaune a Saint-Denis. 'Yan gida ba su san ina buga ƙwallon Amurka ba, wannan ta hular kwano da karo kamar raguna. Ina cikin masu tsaron baya na wani ƙaramin kulob a unguwarmu. Mai horar da mu ba shi da zance sai tarihin wata shahararriyar ƙungiyar Amurka, wai masu tsaronta sun firgita kowa har magoya baya suka laƙaba musu suna, aka manta da masu cin ƙwallon. Kullum sai ya kunna mana tsofaffin bidiyonsu yana lashe baki. Mu ma ya raɗa mana namu, wai Mahauta. Duk wanda ya fitar da abokin karawa daga fili, sai a manna masa hoton wuƙa a hula ana tafi. Ni da nake salla biyar, wai ina alfahari da wannan ƙazanta!

Muka je wasa Lyon. Akwai wani mai gudu da ƙwallo a cikinsu da ya hana mu sakat. Mai horarwa ya riƙo hulata ya ce, "Gwiwarsa. Ka gane?" Na gane sarai. An riga an busa usur, yaron ya tsaya, na faɗa masa da kafaɗa ta gefe. Sai na ji daga cikin hularsa, "Wayyo Allah, Inna, ƙafata!" Da Hausa, jama'a! Abokaina suna ta bubbuga bayana. To da Bafaranshe ne fa, da ban ji komai ba ke nan? Wannan ma ya ƙara mini ƙyamar kaina.

Bayan kwanaki aka sanar a ƙungiyar ɗalibanmu cewa wani ɗan Maraɗi, bari in kira shi Sani, yana kwance a asibitin Lyon, za a je dubiya. Na rasa dalilin ƙi, na bi su, ashe yaron nan ne. Likita ya ce ko ya warke zai riƙa ɗingishi, ga aikin kai kaya a keke da yake ci da shi ya tafi. Gwaggonsa, wata Hajiya mai sayar da atamfa a unguwar Château Rouge, ta ɗaga hannu ta ce, "Wanda ya yi wa yaron nan haka da gangan, Allah ya isa." Kowa ya ce amin. Ni ma na ce amin, da ƙarfi ma, don kar a lura.

Tun daga nan nake yawan zuwa, ina riƙe shi zuwa banɗaki. Hajiya sai "ɗana" take ce mini, tana cika mini kwano da dambu. Wane irin mutum ne ni?

Jiya Sani ya kama hannuna ya ce, "Yaya, kai da kake unguwar kulob ɗin nan, nemo mini sunan wanda ya karya ni. Wallahi ba ƙara zan kai ba. So nake ya dube ni ya faɗa mini me na yi masa."

Na ce masa to. Yana jirana ranar Asabar.

Me zan yi?