Idon Dama na Godiya

Talata da dare, Narayi

Na wanke zannuwan goyo tun asuba.

Yau muka kai Godiya wurin likitan ido. Ya ce oksijin da ya riƙe ranta mako huɗu tana kwalba a asibiti yana iya lalata idon bakwaini, shi ya sa aka rubuta ranar dubawa a katin sallama. Na ga rubutun tun lokacin. Amma surukata ta ce, "Ke ma dai, 'yata, jariri ba ya gani sai ya yi arba'in." Na yarda, don abin da nake so in ji ke nan.

"Madam, na hagu kun makara," in ji likita. "Na dama za mu yi masa aiki ranar Alhamis."

Shekara goma sha ɗaya na yi ina jiranta. Da yamma na kai fuskata dab da tata ina mata waƙa, ta juyo. Wataƙila muryata kawai ta bi. So nake ta san kamannina.

Gobe:
Neman mai keke na Alhamis.
Faɗa wa Mama surukata, ban san ta inda zan fara ba.
In sake matsowa kusa da Godiya, amma in yi shiru.