Faifan da Bai Ƙara Nauyi Ba

Litinin, 6 ga Oktoba

Yau shekara goma sha ɗaya cif da aka ba ɗalibina kujerar da ta kamata ta zama tawa. Ni na koya masa zana jadawalin bayanai a kan allo, ni na gyara masa takardar neman aiki a wannan bankin jini. Yanzu shi ne Darakta, ni kuwa mai gadin na'ura a ɗakin sanyi, digirina biyu suna kwance a durowa. Har gobe "Malam" yake ce mini, yana ɗan rusunawa. Rusunawar ta fi zagi ciwo.

Tun ranar na kafa wa kaina doka: abin da aka tambaye ni shi nake amsawa, ba ƙarin ko ɗigo.

Da hantsi ya shigo da wata injiniya, ba za ta wuce sa'ar 'yata ta biyu ba. Wai za ta ɗauke rumbun bayananmu daga Tsohuwa, na'urar da nake jinya shekara goma sha huɗu, ta sa shi cikin kwantena, sabuwar manhajar da ke girgije, wato na'urorin wani kamfani da ake haya ta intanet, ta riƙa magana da shi. Na ce to. Ni dai kwantenar da na sani a bayan tirela take.

Laraba, 8 ga Oktoba

Ta tambayi jadawali nawa ne a rumbun. Arba'in da uku. Ta nemi kalmar sirri, na rubuta mata. Baba take ce mini. An ajiye mata tebur kusa da nawa, tana rawar sanyi, ban nuna mata inda makunnin na'urar sanyaya ɗakin yake ba. Ba ta tambaya ba.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Ban yi niyyar kallo ba, idona ne ya kai. Layi ɗaya ta buga, kafin sukari ya narke a shayina sai ga rumbun bayanai sukutum ya tashi yana jiran umarni. Lokacin da na kafa na Tsohuwa kwana uku na yi, da littafi mai kaurin bulo. Ta dube shi, bai yi mata ba, ta goge, ta tayar da wani. Kamar kofin takarda.

Ta ga ina leƙe, sai ta shiga bayani ba a sa ta ba. Wai kwantena ɗakin haya ne, ba a barin kayan gado a ciki. Ana ɗaura mata faifai daga waje, bayanan su zauna can, ko an rushe ɗakin ba abin da zai taɓa su. Na ce mhm.

Amma yaya ake ɗaurin? Ta ina rumbun yake sanin wannan lungun na waje ne, wancan na ciki? Abin ya bi ni har cikin mota.

Litinin, 13 ga Oktoba

Manhaja ta ƙi ganin rumbu. Tun safe injiniya take fama, ta canja kalmar sirri, ta duba lambar ƙofa, tana magana da allon kamar yana ji. Ni kuma ina juya abin a kaina. Fayil ɗin saiti daga Tsohuwa ta kwafo shi, a can kuwa manhaja da rumbu gida ɗaya suke, adireshin da ke ciki yana cewa ne a nemi rumbu a wannan na'urar. Yanzu kowa da ɗakinsa. Manhaja ta waiga cikin kwantenarta, ba kowa sai ita.

Sau biyu ta ce, me ya sa ba ta ganinsa. Da iska take, ba da ni ba. Wajen azahar ta juyo da kujera gaba ɗaya.

"Baba, in kai ne, ina za ka duba?"

Na nuna mata layin da bakin biro. Ta sa sunan kwantenar rumbu a gurbin adireshin, nan take suka gaisa. Ta yi dariya ta ce ashe da likita a ɗaki take ta jiƙa saiwa. Ban yi dariya ba. Amma rabon da a tambaye ni ina zan duba, na manta.

Talata, 14 ga Oktoba

Na sa abin a kwamfutata ta gida. Don in ga ƙaryarsa kawai.

Asabar, 18 ga Oktoba

Tun bayan karin kumallo nake kai. Na tayar da rumbu, na zuba sunayen jikokina shida, na goge kwantenar, na tayar da sabuwa. Wayam, ba jika ko ɗaya. Na sake, wannan karon da faifan waje a ɗaure. Na goge, na tayar. Ga su nan su shida, har da mai kukan. Sau tara na yi, kowane karo sai na ji wani abu a ƙirji kamar yaro ya ga dabo.

Uwar yara ta ɗauke shayin da ya huce, ta ce rabonta da ta ga na manta da kofi tun ina zuwa zance gidansu. Na ce bincike nake. Ta ce a gaishe da bincike.

Gaskiya wanda ya ƙago wannan abu yana da kai. A nan kawai zan faɗa.

Litinin, 20 ga Oktoba

An koma sabon tsari yau. An daina cike takarda, ma'aikatan jinya da kwamfutar hannu za su riƙa rajistar masu ba da jini. A taro Darakta ya yi ta yabon matasa masu kaifin basira. Ban ji an ambaci wanda ya riƙe bayanan nan shekara goma sha huɗu ba tare da layi ɗaya ya ɓata ba.

Shugabar ɗakin gwaji, wadda muke kira Uwar Firij, ita ce kaɗai ta yi tambayar hankali. Ta ce kowace ledar jini lamba ce kawai a jikinta. Wanda ya bayar, da magungunan da yake sha, da cutar da ya taɓa yi, duk suna cikin rumbu. Ledar da ba a san mai ita ba, ba za ta sa wa kowa ba, ko ɗanta ne a kwance. To in abin ya faɗi fa?

Darakta ya juyo ya ce, Malam, kwafin ajiya yana tafiya? Na ce yana tafiya.

Kuma yana tafiya ɗin. Kullum yana kwafe Tsohuwa tsaf, wadda daga yau ba mai sake rubuta komai a cikinta.

Laraba, 22 ga Oktoba

Al'adata ce kowace safiya in duba nauyin faifai kafin in cire hula. An ba ni izinin kallon na girgijen, kallo kawai. Faifan wajen da aka ɗaura wa rumbu bai ƙara komai ba tun Litinin. An yi wa mutum fiye da saba'in rajista, shi kuwa yana nan yadda aka haife shi.

Na buɗe fayil ɗin saiti na bi shi layi-layi. Ɗaurin yana nan, amma a lungun da ke maƙwabtaka da inda rumbun yake rubutu. Taku ɗaya injiniya ta kuskure. Ke nan duk abin da ake shigarwa cikin ɗakin hayar yake taruwa. Da na koma gida na kwaikwayi kuskuren a tawa, na goge, na tayar. Jikoki suka tafi.

Rabona da irin wannan daɗin tun ranar da na ga sunana a saman allon sakamako. Abin da babba ya hango.

Akwai taro ranar Litinin. A can zan faɗa, a gaban Darakta, da takarda a hannu. Kwantenar lafiyarta lau, ba mai taɓa ta. Kwana biyar ne.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Injiniya ta kawo mini shayi, ta ce Baba, komai lafiya a wajenka? Na ce a wajena lafiya lau.

Juma'a, 24 ga Oktoba

Gobe babban gangamin ba da jini a filin wasa na kwaleji. Na yi tunanin in ɗauki kwafi a ɓoye, in ajiye, ranar Litinin in fito da shi ma. Sai dai mabuɗin shiga rumbun yana hannun injiniya, sai na roƙa. Ban roƙa ba.

Na yi kuskuren ba uwar yara labari, ina jin za ta yaba. Ta gama ninke kaya, sannan ta ce, "Malam, kai da Darakta kuke faɗa, ko da matan da ke kan gwiwa?" Na ce ba ta san aikin ba. Ta ce haka ne, ita jini kawai ta sani.

Asabar, 25 ga Oktoba

Na leƙa filin. Layi har bakin ƙofa: ɗalibai, direbobi, wani mai gyaran takalmi da ya ce karonsa na goma sha biyu ke nan. Yara suna ta ɗaukar hoto da ledojinsu kamar sun ci kofi. Uwar Firij sai washe baki take. Na tsaya ina kallon yatsun ma'aikatan a kan allo, na san inda kowane suna yake faɗawa. Ban jima ba na tafi.

Litinin, 27 ga Oktoba

Ba a yi taro ba.

Jiya da safe kamfanin girgijen ya kwashe kwantenoni zuwa wata na'ura, aikin gyara da suka saba, har sun aiko sanarwa tun makon jiya. Tamu ta tashi sabuwa, ta ga ba komai, ta loda tsohon kwafin ranar ƙaura kamar yadda aka tsara mata. Shi ya sa da safe komai ya yi kyau a ido, jadawali arba'in da uku cif. Sai da aka haska leda ta farko a ɗakin gwaji, manhaja ta ce ba ta san ta ba. Ta biyu ma haka.

Minti ashirin injiniya ta yi ta gano layin. Ta sa yatsa a kansa. Takardata tana aljihu, an buga ta da kyau, har da ja a ƙarƙashin layin.

Darakta ya shigo ɗakin sanyi da kansa, ya tambayi kwafin ajiya. Na ce na Tsohuwa ne. Ya dube ni ya daɗe. Na shirya wa faɗa, na ma tanadi amsoshi tun shekara goma sha ɗaya.

"Laifina ne, Malam," ya ce. "Ban iya tambayar ba."

Ya fita ya ja ƙofar a hankali.

Laraba, 29 ga Oktoba

Kamfanin ya ce tsohuwar kwantenar an share ta, ba ta dawowa. Na'urar gwaji ta riƙe sakamakonta, amma waye mai jinin, babu. An yi shela masu bayarwa su dawo. Waɗanda suka ɗauki hoto da ledarsu, lambar ta fito, an sake yi musu tambayoyi, an ceto sittin da ɗaya. Hotunan da na raina. Na ranakun mako kuma wata ma'aikaciya mai taurin kai ashe ba ta daina rubutu a littafinta ba. Sauran suna firij na ƙarshe, Uwar Firij ta manna musu jar takarda. Asibitoci biyu sun bugo, ta ce su nema a wani wuri.

Injiniya ta rubuta rahoto, ta ɗora komai a kanta. Ta ba ni in duba mata ko akwai gyara.

Litinin, 3 ga Nuwamba

Ranar Alhamis na miƙa wa injiniya takardar aljihun. Akwai kwanan wata a samanta, ban goge ba. Ta karanta, ta sake karantawa, ta ce, "Tun Laraba, Baba?" Na ce tun Laraba. Ta juya ga allonta. Yinin ranar ba mu yi magana ba, Juma'a ma haka. An haɗa takardar da rahotonta, ni na kai ofishin Darakta.

Yau da safe ta ce in nuna mata yadda nake duba nauyin faifai. Na nuna mata, da wasu abubuwa biyu uku da suka zo a hanya. Mun gyara ɗaurin, mun goge kwantenar gwaji sau uku, bayanan suna nan. Kwafin ajiya yanzu daga sabon rumbu yake fita, ni na roƙi mabuɗin. Akwai wata dabara da ta ce ana yi, rumbu biyu suna kwafar juna, in ɗaya ya faɗi ɗayan ya karɓa. Ban gane yadda suke sanin waye babba ba. Gobe zan tambaye ta, in ta ga dama.

Da la'asar motar ƙona shara ta asibiti ta zo. Uwar Firij ta ƙirga, ni na riƙe mata ƙofa. Leda ɗari biyu da talatin da takwas.