Kauɗar da Ta Ƙi Bushewa

Daren Laraba, saura kwana tara azumi

Kwando huɗu na tumatir na dawo da su daga kasuwar Kurfi, ko tayawa ba a yi ba. Na ce bari in yanka in shanya, in yi kauɗa kamar yadda marigayiya matata Hadiza take yi, in sayar da damina in samu na hatsi. Kwana biyu ina yanka.

Yau da hantsi maƙwabciyata Laure ta leƙo ta katanga. "Subhanallahi! Baba, bisa leda ka shanya shi? Ai gumi zai yi ya ruɓe. Kuma wannan mai ruwa ne. Inna Hadiza dogon nan mai tsoka take yankawa."

Shekara arba'in ina shan miyarta, ban taɓa duba wane iri take zaɓa ba.

Na ɗaga tumatirin, ƙasan ya yi baƙi, yana wari. Saura kwando ɗaya da ban yanka ba, shi ma ya fara laushi. Laure za ta kawo tabarma gobe, amma ba ta ce zai bushe ba.

Ya Allah, ka bar mini wannan ɗayan. Ba ni da ƙarfin wani noman rani.