Ɓerayen Keji na Shida

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jaririya. Mu nan kowa lafiya, sai ni da abinci ya ƙi shiga kwana uku ke nan.

Yaya, na ba ki kunya a wurin ƙawarki Dokta, wadda kika roƙa ta ɗauke ni aikin hutu a ɗakin bincikenta. Kin san ɓeraye take nazari. An haifi wasunsu da canji a ƙwayar halitta, wanda ya sa tsokar hanjinsu ba ta matsawa yadda ya kamata. Abinci sai ya tsaya, ciki ya kumbura. Aikina shi ne in zuba musu abinci, in ƙirga kashinsu kowace safiya in rubuta. Mai shara har "Sarauniyar Kashi" take kirana.

Na keji na shida sun fi ba ni tausayi. Sai na tuna yadda Mama ke yi wa Kaka in cikinta ya ɗaure. Sati biyu ina ɗiga musu man zaitun a abinci, ina shafa musu ciki da ɗan yatsa. Ashe su ake gwada wa sabon magani. Shekaranjiya Dokta ta duba abin da na rubuta, ta rungume ni, wai magani ya yi aiki. Na yi murmushi, Yaya. Wannan murmushin ne ya fi ci mini rai. Yaya zan yi?

Taki,
Auta

Yayata,

Ina gaishe ki da mutanen gida. Wasiƙarki ta iso, kuma na bi maganarki.

Na faɗa wa Dokta gaskiya, idona a kan takalminta. Ba ta yi faɗa ba. Ta ɗauki biro ta soke shafi goma sha ɗaya a littafin bincikenta, ɗaya bayan ɗaya, ina tsaye. Aikin wata huɗu ne, kuma sai an haifi wasu masu irin wannan larurar kafin a sake farawa. Ta ce ban raba kowa da ciwon ba, sabbin ɓeraye shida na jawo wa shi. Sannan ta sa na rubuta yawan man da ranakun, ta ce Litinin kada in makara.

Zan je. Amma don Allah kada ki gaya wa Baba tukuna. Jiya ya sayo mini farar riga irin ta Dokta, mai aljihu biyu, kuma har yanzu na kasa fitar da ita daga leda.

Ki huta lafiya.

Ƙanwarki,
Auta