Garkuwar Baba

Litinin, 28 ga Yuli, 2025

An dawo da Baba daga asibiti. Hannun dama a naɗe tun daga yatsu har gwiwar hannu. Wani bijimi ne ya matse shi da ƙofar mota a mayankar Trans-Amadi suna sauke shanu. Likita ya ce sai ya yi wata biyu bai riƙe ko cokali ba. Ƙanwata Ilham ta haye cinyarsa tana kuka, yana cewa, "Haba Ilham ɗina, ai ban mutu ba." Ni na tsaya a bakin ƙofa na ce sannu. Ya kalli bango ya ce wa Umma, "Mero, ce mata na gode."

Ba fushi ba ne. Ni ce 'yar fari, shi kuma a hannun kakarsa Bafulatana ya tashi. Tunda aka haife ni bai taɓa kiran sunana ba. "Yarinyar nan." "Waccan." In ta kama dole, "ke". Na taɓa gaya wa 'yan ajinmu, suka ce, "Your papa dey vex for you?" Wai ko fushi yake yi da ni. Na rasa ta inda zan fara bayani. Tun ranar ban ƙara gaya wa kowa ba.

Talata, 29 ga Yuli

Innalillahi. Baba wasan kwamfuta yake yi!

Baba. Malam Gimba dillalin shanu, wanda ko dariya sai da dalili. Duk shigar da yake yi ɗaki bayan la'asar ya sa abin kunne, ni na ɗauka karatun malamai yake saurara. Umma ta ce wani lokacin karatun ne.

Ita ta kira ni, yana zaune a bakin gado. Ta ce akwai wani wasa da ya fara tun yana saurayi, a wani kafen intanet a unguwar Rumuokoro, tun ba a yi aurensu ba. Wasan ya girme ni. Mutane ne na gaske daga ko'ina a duniya, kowa da jaruminsa, cikin wata ƙasa ta dodanni da matsafa. Baba yana da runduna, kuma suna da ganuwa a kan wani dutse. Asabar ta sama wata rundunar za ta kawo musu hari, in suka ci, ganuwar ta zama tasu. Jarumin Baba ne mai tsare ƙofa. Wasan kuma hannu biyu yake so. Wai ni zan tsaya a madadinsa.

Na ce me ya sa ni? Umma ta ce ya ce ni ce mai nutsuwa. Ban san ya san ina da nutsuwa ba.

Laraba, 30 ga Yuli

An ce in fara koyo da sabon jarumi kafin in taɓa na Baba. Na zaɓi mace. Subhanallahi, kayan da suka sa mata! Wai sulke ne, amma ko rabin jikinta bai rufe ba. Na rufe kwamfutar da sauri, Baba yana bayana, kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai na ji ya ce wa Umma, "Ce mata in ta zaɓi mai magani akwai alkyabba har ƙasa." Na zaɓi mai magani.

Na yi ta karo da bango. Na faɗa rijiya. Wata agwagwa ta kashe ni. Agwagwa! Na ga yarinyar ta faɗi, allon ya yi toka-toka, bakina ya riga ni cewa innalillahi. Can sai ga ta ta miƙe a bakin wani marmaro kamar ba a yi komai ba. Wannan abin bai kwanta mini ba. Na tambayi Umma ko babu laifi, ta ce in tambayi mai hannu ɗaya.

Alhamis, 31 ga Yuli

Yadda muke yi: ni a kujera, Baba a bakin gado yana leƙen allo ta saman kaina, Umma a tsaye a ƙofa da ludayi. "Mero, ce mata ta danna na biyu." "Ki danna na biyu." "Ce mata ba wannan ba." Daga ƙarshe Umma ta ce, "Malam, ga ka ga ta, ni miyata tana kamawa." Ta fita abinta.

Na ɗora yatsuna a kan maɓallan ina jira. Sai Baba ya yi gyaran murya ya ce wa labule, "A juya hagu."

Na juya hagu.

Juma'a, 1 ga Agusta

Wani tsoho a wasan ya aike ni in kashe masa ɓeraye goma. Na kawo, ya ce in ƙaro. Ba ko sannu.

Lahadi, 3 ga Agusta

Yau na shiga da jarumin Baba, kuma na sa abin kunne. Ƙato ne, garkuwarsa kamar ƙofar gareji. Ina tafiya a kasuwar birnin mutane suna tsayawa suna rusuna masa. Wa Babana!

'Yan rundunar suna ta magana a kunnena, na kasa cewa uffan. Biyu na fi ganewa. Akwai Bubayero, mai sayar da albasa a Kasuwar Artisan ta Enugu, shi maharbi ne. Akwai Madam Nkem daga Onitsha, matsafiya mai jifa da wuta, tana da shagon yadi da jikoki uku. Shekara da shekaru suna tare da Baba, kuma wai ba su taɓa ganin juna ido da ido ba.

Bubayero ya ce in shiga wani gida in ɗauko kibau. Na tsaya a ƙofa. Ya ce me nake jira, na ce ba wanda ya ce in shigo. Ya yi dariya har da tari. "'Yata, nan ba a sallama. Shiga ki fasa tukwanen, abin da ke ciki naki ne." Na shiga, mai gidan yana tsaye yana kallona, na fasa masa tukwane huɗu. A raina na ba shi haƙuri.

Sai Madam Nkem ta ce, "Oya, make we go Haulatu," wato mu tafi Haulatu.

Na zabura na ce na'am. Ba da ni take ba. Bubayero ma ya ce, "A hau dawaki, sai Haulatu." Na buɗe taswira. Ga shi nan a kan dutsen, da manyan baƙaƙe, sunan ganuwar. Sunana.

Madam Nkem ta tambayi sunana don ta san me za ta riƙa kirana. Na faɗa a hankali. Sai ta ƙwala ihu, "Chineke! Na you?" Wai ashe ni ce. Bubayero ya ce ranar sunana suka ci ganuwar nan. Baba ya bar mutane suna cin naman rago ya zo kafe da babbar riga. Da aka ce shi ya tsare ƙofa, shi zai raɗa suna, sai ya ce ba zai iya faɗa ba, ya rubuta musu. "Har yau in zai ambace ta, gida yake cewa. Ni na san dalili, ni ma ina da ɗan fari."

Ban juya ba. Baba ba ya jin abin da ake faɗa a kunnena, amma taswirar tana buɗe a gabanmu mu biyu. Sai na ji ya miƙe ya ce bari a je a duba janareta. Akwai wuta fa.

Litinin, 4 ga Agusta

Na tambayi Bubayero abin da zai faru in aka ci ganuwar. Ya ce wanda ya ci shi ke sa sabon suna. Shekara goma sha shida ba a taɓa ci ba.

Na kasa cin tuwo.

Laraba, 6 ga Agusta

Aikina ɗaya ne. In tsaya a ƙofa, in na ga ƙaton abokan gaba ya ɗaga guduma ta yi ja, in ɗaga garkuwa. In na yi sauri, garkuwar za ta sauka kafin dukan ya iso. In na yi jinkiri, ƙofa ta tafi. Muna ta gwaji da 'yan rundunar. "A ɗaga." "An yi sauri." "An makara." Sau ɗaya ya ce, "Yauwa, an yi daidai," sai na ji kamar ranar da na zo ta ɗaya a lissafi. Ya ma fi, don a ranar ta bakin Umma saƙon ya iso.

Ilham ta shigo ta ce ita ma sai ta yi. Baba ya ce, "Wannan aikin manya ne, Ilham." Manya.

Alhamis, 7 ga Agusta

Yatsana ya yi kanta. Madam Nkem ta ce in riƙa magana, wai mai tsaron ƙofa ba ya zama bebe. Na ce to. Ta ce, "Na only to you sabi?" Wai "to" kaɗai na iya. Na ce to.

Asabar, 9 ga Agusta

An ci ganuwar. Ni na jawo.

Bari in rubuta yadda aka yi, ko zuciyata ta sauka.

Bayan la'asar aka fara. Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Sun taho ta gangaren dutsen kamar ƙwari, da tutoci, da wani dodo mai fukafukai yana feso wuta, allon duk ya cika da haske har ban ga ƙafafuna ba. Kunnena kowa na ihu, Turanci, Ibo, Hausa, da wani yaren da ban sani ba. Baba ya sa na cire wayar abin kunnen don shi ma ya riƙa ji. Har Umma ta zo ta tsaya da tsintsiya a hannu.

Guduma ta farko na tare. Ta biyu na tare. Bubayero yana cewa, "Jinin Gimba! Jinin Gimba!" Baba ya bar bakin gado, yana tsaye dab da kujerata, ina jin warin man zafin hannunsa. Lokaci ya kusa cika, in muka riƙe kaɗan mun tsira.

Sai dodon ya sauko ta bayana, na juya in kalle shi, wanda an ce kar in taɓa yi. Ban ga gudumar ta yi ja ba. Baba ya gani.

"Haulatu! Ɗaga garkuwa, Haulatu!"

Da muryarsa. Har sau biyu. Ashe haka yake faɗinsa, yana jan "la" ɗin kaɗan, ba kamar kowa ba.

Hannuwana suka sauka daga kan maɓallan. Ban sauke su ba, su suka sauka. Na juya ina kallonsa, shi ma yana kallona, bakinsa a buɗe, kamar wanda ya saki kwanon tangaran. Tsintsiya ta faɗi daga hannun Umma. Ƙaton nan mai garkuwa kuwa yana tsaye a ƙofa hannu sake, aka sauke masa guduma.

Madam Nkem tana ta tambaya ko wuta aka ɗauke mana. Bubayero shi ya ji, ya kuma gane. Can ya ce, "A bar yarinya. An yi ƙoƙari."

Baba ya fita masallaci tun ba a kira magariba ba.

Lahadi, 10 ga Agusta

Na duba taswira. Sun sa mata wani sunan banza mai lambobi a ƙarshe. Na yi kuka a banɗaki. Shekara goma sha shida yana tsaron abu, na zubar a yini ɗaya.

Na roƙi Umma ta ba shi haƙuri. Ta dawo ta ce ya ce laifin mai ihu ne. Sai ta zauna tana tsince shinkafa tana murmushi ita kaɗai. Na ce mene ne, ta ce ba ruwana.

Talata, 12 ga Agusta

An koma "a miƙo ruwa", "a rufe taga". Ba wanda ya tayar da maganar.

Bubayero ya ce wata mai zuwa mu ne masu kai hari, kuma hannun Baba ba zai warke ba kafin nan. Ban ce zan yi ba. Na dai shiga da mai maganita na ƙarasa wa tsohon nan ɓerayensa, don ba kyau a bar aiki rabi. Na koma wurin agwagwar ma. Mun daidaita.

Na yi wa Madam Nkem magana mai tsawo yau, har ta ce ashe ina da baki.

Alhamis, 14 ga Agusta

Ana yayyafi, ina tsakar gida ina tara bokitai. Daga ɗaki Baba ya ce, "Ke." Lokacin gwaji ya yi.

Ban amsa ba. Ban taɓa yin haka ba a rayuwata.

Ya sake cewa, "Ke." Na gyara bokitin da ba ya buƙatar gyara. Umma tana kallona ta tagar kicin.

Ya yi gyaran murya. Sannan can ƙasa-ƙasa, kamar mai tsoron kar maƙwabta su ji, ya faɗa. Da jan nan nasa.

Na ce, "Na'am, Baba," na shiga.

Umma ta tambaye ni daga baya me ya toshe mini kunne. Na ce ƙarar ruwa ce a kan kwano.