Ka Fitar da Yaran Nan Daga Kwari

Ƙanena Bello,

Assalamu alaikum. Ya damina, ya Hajara da yara, ya jikin Goggo? Ni lafiya lau, amma raina a ɓace yake.

Jiya ina cin abinci a Xiaobei, unguwar baƙin 'yan kasuwa a nan ƙasar waje, wani mutumin Wum, garin nan na kusa da gida, ya miƙo mini wayarsa, wai in ga yadda gida ya yi kore shar. Sai ga shanu masu tsagar kunne irin ta gidanmu suna kiwo a kwarin da ke ƙasan tafkin Nyos. Ga sabuwar bukka, ga 'yarka Shatu a bakin ƙofa. Nan take na ture kwanon abincin.

Bello, kanka ɗaya kuwa? Kana goye lokacin da iskar nan mai guba ta taso daga tafkin, ni kuwa da wayona. Ido ba ya ganinta, kuma nauyi gare ta, kwari take bi kamar ruwa. Tallar nono da ta kai Inna tudu tare da mu ita ta tsirar da mu. Da muka sauko, Baba na kwance cikin shanunsa, ko ƙuda babu a kansu, don ƙudajen ma sun mutu.

Na san za ka ce an kafa bututun fitar da iskar. To, kai ka zauna da ciyawarka. Yaran dai ka mayar da su tudu wajen Goggo cikin makon nan.

Ka gaida kowa. Goggo ta taya ni addu'a, Allah kada ya sa in sake sauka kwarin nan neman nawa.

Yayanka,
Hamidu